Ƙunshin Gwaggo Mairo

Ina tsaye gaban sikeli ina auna garin magani wayar Ɗayyabu ta shigo. Ranar Talata ce, wajen ƙarfe sha ɗaya, rana ta riga ta buɗe wa Sakkwato wuta irin ta watan Afrilu. Ko sallama bai yi ba.

"Sadiya, mi kinka haɗa ma Inna? Ga ta nan kwance tana kakkahewa. In wani abu yas same ta, ke ta."

Ya kashe waya. Iyakar bayanin da na samu ke nan daga mutumin da zai iya kwashe awa guda yana yi wa mai ciniki bayanin bambancin wannan shadda da waccan. Na sake kira, bai ɗauka ba. Na rufe kwalbar da ke hannuna, na kulle shago, na tare keke a bakin titin Arkilla na ce Ƙofar Taramniya, kuma don Allah ya taka.

Sunana Sadiyatu, aikina haɗa magani. Ɗayyabu ɗan gwaggona ne, taubashina, ɗan kasuwa, kuma tun da na gama jami'a ba ya kirana da wani suna sai bokanyar boko. Da na ji ya ce Sadiya na san abin ya ɓaci. Innar da yake faɗa ita ce Gwaggo Mairo, yayar babana, wadda ta riƙe ni tun ina shekara shida.

Shekara goma sha biyar Gwaggo tana fama da ciwon suga, har ya cinye mata jijiyoyin ƙafa. Ƙafafun nan ci suke da wuta daga yatsu zuwa ƙwauri, ko zane ya goge su sai ta yi salati. Duk ƙwayar da aka gwada ta ƙi ta. Ƙwayar kashe zafi, wadda 'yan dubiya ke sayo mata a kemis saboda tsabar ƙauna, ta huda mata ciki bara har aka yi mata ƙarin jini. Ta jijiya kuma ta sa ta jiri ta faɗi a banɗaki. Ga ƙoda ta fara gajiya. A ƙarshe likitanta, Dakta Jalaluddeen, ya ce a haƙura da baki, a bi ta fata. Ya rubuta takarda, ni kuma na haɗa. Wannan man shafawar shi kaɗai ya rage mata a duniya, in ya faɗi babu wani a bayansa.

Abin da ke ƙona mini rai a wannan sana'a shi ne mutane sun ɗauka cakuɗa ce kawai, kamar mai dama fura. Fata katanga ce, an yi ta ne don ta hana abu shiga jiki. Man da na zaɓa aikinsa ya ɗauki magani ya ratsa da shi a hankali, ya kai shi inda jijiyoyi suke, ya sauke a nan. A cikinsa na sa lidoken, ɗan'uwan allurar da likitan haƙori ke yi wa mutum kafin ya cire masa haƙori. Jijiya tana tura saƙon zafi zuwa ƙwaƙwalwa ne ta wasu 'yan ƙananan ƙofofi da ke jikinta, shi kuwa lidoken toshe ƙofofin yake, sai saƙo ya kasa tashi. Na sa amitiriftilin, don jijiyar mai suga ihu take ko ba a taɓa ta ba, shi ke rage mata wannan ihun. Akwai dikilofenak saboda kumburin idon sawunta, yana hana jiki sarrafa abin da ke kawo kumburi da zogi. Sai ɗan mantol, ya sanyaya fata ya ɗauke mata hankali kafin sauran su kama aiki. Likita ya so a ƙara wani na biyar, na ce masa ban yarda yana ratsa fata yadda ake faɗa ba, muka yi musu a waya har ya bar mini.

Dukan dabarar a abu ɗaya take: magani ya tsaya a ƙafa, abin da zai kai jini ya zama ɗan kaɗan wanda ciki da ƙoda ba za su ma san an yi ba. Lidoken bai san bambancin jijiyar ƙafa da ta ƙwaƙwalwa ko ta zuciya ba. In ya sami hanya ya kwarara cikin jini, duk zai bi ya rufe musu baki. Saboda haka na auna komai sau biyu, na zuba a kwalba mai giram ɗari, wadda za ta yi mata wata guda. Kuma ya yi aiki. Kwana goma da fara shafawa Gwaggo ta kira ni tana dariya, ta ce ta yi sallar la'asar a tsaye.

Ina cikin keke ina ta juya lissafin a kaina. Na san ban yi kuskure ba, amma na sake bin sa daga farko.

Gwaggo ita kaɗai take zaune a tsohon gidan mijinta. Ɗayyabu ya yi ya yi ta koma wurinsa a Ƙofar Atiku, ta ce gawarta ce kawai za ta bar ɗakinta. Amma ranar nan tsakar gidan cike na same shi da matan unguwa, waɗanda ko yaushe suke jin labari kafin dangi. Wata na cewa iska ce, wata na cewa shanyewar ɓarin jiki ce, wata ta riga ta kunna hayaƙi tana zagaya ƙofa da shi. Ɗayyabu na tsaye da waya a kunne yana neman mai ruƙiyya. Babu wanda ya yi tunanin asibiti, mutum goma sha wani abu, har da masu digiri.

Na ture su na shiga. Gwaggo na kwance a tabarma, ido a juye, leɓe na rawa, hannu na fizga. Na durƙusa zan taɓa wuyanta sai idona ya sauka kan ƙafafunta. An naɗe su da baƙar leda tun daga yatsu har gwiwa, an bi da tsumma an ɗaure tamau. A gefe ga kasko da garwashi, har yanzu da sauran ja a cikinsa. Kusa da kaskon ga kwalbata a buɗe, an sa yatsa an suɗe ta tas.

Ƙunshi aka yi mata. Ƙunshi sosai, irin wanda ake yi wa amarya, da maganina a madadin lalle.

Ban san lokacin da na fara yage ledar da haƙori ba. Zufa ta kwararo, ƙafafun sun yi fari sun jiƙe, man ya narke ya shige. Da na juya tafin ƙafar na ga an goge kaushi da dutse har fata ta yi ja, ga faso ya tsattsage a dugadugai biyu, wani yana tsattsafo da jini. Duk abin da ake tsoro an haɗa shi wuri ɗaya. Leda ta hana iska, ta jiƙa fata ta yi laushi har katangar ta zube. Zafin garwashi ya buɗe hanyoyin jini suna kwasa da gudu. Faso kuma ƙofa ce a wangale. Abin da ya rage na kusan sati uku an ɗura mata shi a safiya ɗaya.

Na daka tsawa a kawo ruwan randa da sabulu, a fitar da kaskon nan, mai hayaƙi kuma ta kai shi gidanta. Ina wanke ƙafafun ina tambaya wa ya yi wannan aiki. Can daga bakin ƙofa wata murya ta ce, "Ni ta, ɗiyata."

Inna Tani ce, maƙwabciyar Gwaggo, katanga ɗaya ta raba su, ƙawarta tun suna amare. Shekara arba'in tana yi wa matan Taramniya ƙunshi, ni kaina ita ta yi mini na aurena. Tun da idon Gwaggo ya yi rauni, bayanta kuma ya ƙi lanƙwasa, Inna Tani ce ke shigowa sau uku a rana ta shafa mata maganin. Ta ce tun ƙarfe bakwai ta ɗaure. Wajen tara Mairo ta ce leɓenta ya yi nauyi, kunnenta na ƙara, bakinta na ɗanɗanon ƙarfe. Ita kuma ta ce mata ta daure, alama ce magani na kamawa.

Na dube ta, na haɗiye abin da ya taso mini, don ba ni da lokacinsa. Na ce wa Ɗayyabu ya ajiye wayar nan ya kawo mota bakin lungu. Ya buɗe baki zai yi magana, na ce in ya ƙara minti ɗaya zai nemi mai wankan gawa maimakon mai ruƙiyya. Mu huɗu muka ɗauke ta a cikin zane.

A hanya na kira Dakta Jalaluddeen na karanta masa abin da ke cikin kwalbar da yawan da aka shafa da awannin da ya yi a ɗaure. Kafin mu isa yana bakin ƙofar ɗakin taimakon gaggawa. Muna shiga ta sake fizgewa, wannan karon duk jiki. Suka yi mata allurar tsayar da fizga, suka sa mata iska a hanci, suka manna mata wayoyin na'urar duba bugun zuciya. Na ga layin yana tafiya a hankali yana tuntuɓe, na kau da kai. Aka ɗaura mata wani farin ruwa mai kama da madara, wanda ke janye irin wannan magani daga cikin jini. Sannan aka kore mu waje.

A barandar asibitin ne na yi abin da na yi. Dangi sun fara taruwa, matan unguwa sun biyo mu a keke biyu. Ɗayyabu na kai da kawowa yana faɗa wa duk wanda ya iso cewa dama shi bai taɓa yarda da haɗe-haɗen nan ba, maganin kirki daga kamfani yake zuwa a cikin kwali, ba daga turmin Sadiya ba. Kowa ya iso sai ya dube ni ya ɗauke kai, ana ta ɗora mini jakar tsaba a gaban idona. Shekara tara ina wannan aiki ban taɓa cutar da ko kyanwa ba. Zuciyata ta kawo wuya. Ina waigawa na ga Inna Tani zaune a ƙasa ta jingina da bango, ta rufe rabin fuska da mayafi, tafin hannunta baƙi ƙirin da lallen shekaru.

Na je na tsaya a kanta. Ban durƙusa ba, ban rage murya ba.

"Inna Tani, kin ko san mi kinka yi? Wanga ba lalle na ba. Wa yac ce ki ɗaure? Wa yac ce ki kawo wuta? Ku dai komi kunka gani sai kun sa mai leda. In Gwaggo ta mutu, kowa shi ji, hannunki na yak kashe ta."

Tsohuwar nan ta girmi uwata, ta goya ni a bayanta ba sau ɗaya ba. Ta dubi hannuwanta, ta tura su ƙarƙashin mayafi. Bayan ɗan lokaci ta dafa bango ta miƙe, ta nemi takalmanta ta fita. Babu wanda ya tsayar da ita, ni kuwa a lokacin har wani sanyi na ji a raina, ba zan ɓoye ba.

Sai bayan la'asar Dakta Jalaluddeen ya fito ya ce zuciyar ta daidaita, Gwaggo ta buɗe ido, da yardar Allah ta tsallake. Aka yi ta hamdala. Ni kuma ya yafito ni zuwa ofishinsa, na bi shi ina jiran ya wanke ni a gaban Ɗayyabu. Ya rufe ƙofa, ya ce ya duba haɗin, babu kuskure ko ɗaya. Na gyara zama. Sai ya tambaye ni wa na yi wa bayanin yadda ake shafawa.

Na ce Ɗayyabu. Shi ya zo shago ya karɓa.

Ya tambaya ko Ɗayyabu ne ke shafa mata. Na ce a'a. Ya tambaya ko na faɗa masa kada a rufe, kada a kusanta da zafi, kada a sa inda fata ta tsage. Na ce duk yana jikin takardar da na manna a kwalba. Ya ce da wane harshe. Bai jira amsa ba. Ya ce shi ma da nasa laifin, rabonsa da ya duba tafin ƙafarta wata uku, ya rubuta magani bai ce a kula da faso ba. Sannan ya ce, "Ke hwa, yaushe rabonki da ganin ƙahwar?"

Na fito ina jin haushinsa kamar in shaƙe shi, don ya faɗi gaskiya. Abin da ya faru ranar da Ɗayyabu ya zo karɓa shi ne, yana tsaye da waya a kunne yana faɗa da wani direba a kan dilar atamfa, ni kuma mutum biyar na jirana. Na ce masa kaɗan ake shafawa, kamar ƙwayar gyaɗa biyu a kowace ƙafa, sau uku a rana. Ya gyaɗa kai. Abin da ya isa Taramniya daga wannan bayani shi ne "sau uku". Takardar kuwa da Turanci na buga ta, tsaf, da jan layi a ƙarƙashin gargaɗin, na aika wa tsofaffi biyu da ko lambar waya sai an danna musu. Daga Arkilla zuwa Taramniya bai fi minti ashirin ba. Wata huɗu ban taka gidan ba. Na haɗa wa ƙafa magani ban ga ƙafar ba.

Washegari Gwaggo ta sami bakin magana, na tambaye ta dalili. Ta dube ni kamar ni ce marar hankalin. Ta ce maganin yana da kyau, amma ba ya jure ruwa. A shafa da hantsi, azahar ta yi alwala ya tafi. A shafa, la'asar ta wanke. Kafin magariba wuta ta dawo. Ita kuma ba za ta bar alwala saboda man shafawa ba. Sai suka zauna da Tani suka yi shawara. Lalle ma in an shafa an bar shi a buɗe ba ya kamawa, amma in an goge ƙafa, an ƙunsa, an ɗan gasa, sai ya shiga ya yi wata guda alwala ba ta fitar da shi ba. Me zai hana a yi wa wannan haka, a sa da yawa sau ɗaya a huta? Ta ce ita ta kawo shawarar, Tani har ta ce a fara tambayar Sadiya, ita ta ce kada a dame ni, ina da aiki.

Na rasa wanda zan ji haushinsa. Lissafinsu daidai yake, abin takaicin ke nan. Ƙunshi yana sa abu ya shiga fata, sun fi ni sanin haka tun ba a haife ni ba. Ni da na yi shekara biyar a jami'a ina karanta yadda magani ke ratsa fata, ban taɓa tsayawa na tuna cewa matar da zan ba shi tana wanke ƙafa sau biyar a rana ba. Da a ce na tambaya, amsar ba za ta fi numfashi ɗaya ba: a shafa bayan alwala, ba kafinta ba, a ba shi awa biyu ko uku ya gama shiga.

Kwana uku aka sallame ta. Kafin mu kai gida wutar ta dawo, har ta fi da. Ta zauna bakin gado ta tsoma ƙafafu a roba da ruwan randa, tana kaɗa kai, tana kiran sunan Allah a hankali. Ɗayyabu ya ce shi dai kada ya ƙara ganin kwalbata a gidan uwarsa. Na ce to ya kawo nasa na cikin kwali. Ya zauna da ita yini ɗaya yana jin nishinta, da yamma ya kira ni ya ce in yi abin da na ga ya dace. Bai ce bokanyar boko ba, har yau kuma bai sake faɗa ba, abin yana damuna fiye da yadda na zata.

Muka yi shawara da likita. Aka jira sati biyu faso ya rufe, sati biyun da Gwaggo ta rame a cikinsu kamar ta yi jinyar shekara. Na sake haɗawa, na rage ƙarfin lidoken. Wannan karon ban zuba a kwalba ba. Na ɗura shi a sirinji marasa allura, kowane ɗaya shafawa ɗaya, ko mutum ya so ya wuce ƙa'ida babu abin da zai wuce da shi. Na rubuta bayani da Hausa, na sa aka rubuta mini da ajami a bayan takardar. Saura abu ɗaya, hannun da zai shafa. Gwaggo ba ta kai wa ƙafarta. Matar Ɗayyabu na koyarwa a makaranta, ga 'ya'ya biyar. Mutum ɗaya ce a duniya ke iya shiga ɗakin nan bayan asuba da bayan azahar da bayan isha'i ba tare da ta hau keke ba. Tun ranar asibiti kuma ba ta leƙo ba, sai dai ta aiko da kunu.

Ranar Asabar da hantsi na yi sallama a gidan Inna Tani. Na same ta zaune a inuwar ɗaki tana tsince shinkafa. Turmin da take daka lalle na kife a gefe, ledojinta babu ko ɗaya a igiya. Ta amsa mini da fara'a, ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa mai sanyi, ta tambayi maigidana da yara ɗaya bayan ɗaya. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na durƙusa na ba ta haƙuri. Na ce laifina ne, ni ce ban zo na yi bayani ba, abin da na faɗa a asibiti zafin zuciya ne. Na fito da sirinjin na nuna mata yadda ake matsawa, na ce bayan alwala ne, a saman ƙafa da ƙwauri kawai, babu leda, babu wuta. Ta saurare ni har na gama, tana gyaɗa kai.

"Na yahe maki, Sadiya, tun ran nan," ta ce. "Ke ɗiya ta. Kuma ba ƙarya kinka yi ba."

Na miƙa mata sirinjin. Ta ɗago hannu za ta karɓa, sai na ga yana rawa, tun daga wuyan hannu har yatsu. Ta riƙe shi da ɗayan, shi ma rawar yake. Ta mayar da su cinya.

"Kin gani? Tun ran da kinka hwaɗi maganar ga haka suke. Amare ukku anka kawo mani, na maishe su. In na ɗauko ƙahwar mutum sai in ga Mairo tana kakkahewa. Ni na yahe, amma hannun ga ya jiya, kuma ba shi mantawa. Ki samo wani."

Na roƙe ta. Na ce Gwaggo da bakinta ta ce ita ta kawo shawarar. Na ce zan tsaya a kanta kwana uku har ta saba. Ta ce Allah Ya yi mini albarka, ta ja farantin shinkafarta ta ci gaba da tsinta, ƙwayoyin na zubewa ta tsakanin yatsunta.

Na fito na zaga na shiga gidan Gwaggo, ina jin haushin Ɗayyabu da wayarsa, da likita da tambayoyinsa, da matan baranda da suka yi shiru suka bar ni na yi ta magana. Na san duk kame-kame ne. Gwaggo na zaune da ƙafafu a roba. Tana ganina ta leƙa bayana.

"Ina Tani?"

Na ce ba za ta samu zuwa ba. Ba ta tambayi dalili ba. Katanga ɗaya ce tsakaninsu, na san ta ji komai.

Na zauna a ƙasa na ciro ƙafafun daga ruwa, na tsane su da tawul, na duba tsakanin yatsu da dugadugai. Sun yi ƙanƙanta, fatar ta yi santsi, farcen babban yatsa ya yi kauri ya lanƙwashe. Na matsa sirinji ɗaya na shafa a hankali. Bayan kamar rabin awa na ga kafaɗunta sun sauka, ta saki ajiyar zuciya, ta ce ya fara lafawa.

"In an yi azahar wa ka shahwa mani?" ta ce.

Na ce ni, yau a nan zan yini.

"Gobe hwa?"

Na ce gobe Lahadi, zan zo.

Ta dubi katangar da ta raba ta da gidan Inna Tani. Daga can muna jin ƙarar faranti, da tarin tsohuwar.

"Litinin kina shago," ta ce. "Shekara arba'in da bakwai, Sadiya, ni da Tani ko hwaɗa ba mu taɓa yi ba. Ƙahwar ga da kin bar mani ita da wutarta, da kin bar mani Tani."